Wa Ke Biyan Bashin Algus a Kasuwar Auduga?

Ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wata magana da 'yan kasuwarmu suke yawan faɗi, wai kowa ya gyara shagonsa, ba ruwansa da na maƙwabci. Maganar tana da daɗin ji, amma abin da ya sami audugar ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya ƙaryata ta.

Dattawan Dayi sun san zamanin da auduga take da kasuwarta ta musamman a kaka. Manomi ya kai kayansa, malamin auduga ya zazzage ya duba, ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, kowace da kuɗinta, sannan a wuce da ita injinan gurza na BCGA. Ba mu ce wancan tsari ba shi da zalunci ba, domin hukuma ce take yanka farashi, kuma sau da yawa takan danne manomi. To amma wanda ya tsabtace audugarsa yakan ga ladan wahalarsa a hannu.

A shekarar 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Farashi ya sami 'yanci, amma dubawa ta mutu. Masu saye suka yi yawa, kowa na ribibin cika mota, sai aka koma sayen nauyi kawai. Da ma mai son zuciya jira yake: wani ya yayyafa ruwa, wani ya zuba yashi da tsakuwa. Iri ya cakuɗe. Aka kuma shiga ɗura auduga a buhun leda, wanda zarensa yake tsinkewa ya shige cikinta, injin gurza ba ya iya raba su, kuma idan an saƙa yadi an kai rini, zaren ledar ba ya kama launi, sai a ga tabo a jikin yadin.

Yanzu a dubi kamfanin da ya tsare gaskiya, ya zaɓi auduga mai kyau, ya ɗaure ta da tsabta. Mai masaƙa a Turai ko Asiya bai san Funtuwa ba, balle sunan wannan kamfani. Abin da ya sani shi ne "audugar Nijeriya", kuma binciken da ƙungiyar masu masaƙu ta duniya, ITMF, take yi ya sanya ta cikin waɗanda suka fi datti. Saboda haka tun kafin ya kwance ɗauri ya riga ya rage kuɗi. Wato mai amana ne yake biyan bashin da maha'inci ya ci.

Haka aka yi da wake, wanda Bahaushe ya ce guda ɗaya ke ɓata gari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Ba ta tsaya tantance ɗan kasuwar da ya zuba da wanda bai zuba ba.

An saba ɗora laifin algus a kan manomi da dillali, kuma lallai ha'inci haramun ne, talauci ba ya halatta shi. Sai dai a ganinmu kamfanin da ya sayi jiƙaƙƙiyar auduga a kan kuɗin busasshiya shi ne malamin da ya koyar da darasin. Idan mai tsabta da mai yashi kuɗinsu ɗaya, wa zai kwana yana tsince ganye? Kuma kamfani ɗaya ba zai iya gyara wannan ba, domin duk buhun da ya ƙi, na kusa da shi zai karɓa.

A Burkina Faso, da kamfanonin auduga suka ga irin da aka sauya wa halitta yana gajarta tsawon zare yana zubar da darajar audugar ƙasar, haɗuwa suka yi a 2016 suka bar shi gaba ɗaya. Abin da muke nema ga masu injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi bai kai wannan nauyi ba: su zauna kafin kaka, su yarda cewa babu mai karɓar auduga a buhun leda, su raba wa manoma buhun yadi, kuma lamba ɗaya ta koma fin lamba biyu kuɗi.