Direban Babbar Mota Ma Yana da Gida

Duk wanda ya sayi buhun siminti a Kano, ko ya sha mai a Gusau, ko ya ɓare goro a Sakkwato, ya sani cewa wani bawan Allah ne ya kwana bisa hanya kafin abin nan ya iso hannunsa. Haka kuma mutumin Ikko, wato Legas, da ke cin naman shanun Potiskum da Maigatari, yana miya da tumatirin Kadawa da albasar Aliero, ba don direban babbar mota ba da tukunyarsa ba ta hau wuta ba. Tun da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, kusan dukkan nauyin kayan ƙasar nan ya koma wuyan direbobin tirela da tanka da gingimari. Amma abin mamaki shi ne, kowa na tambayar yaushe kaya za su iso, ba mai tambayar yaushe wanda ya ɗauko su zai koma gida. Wannan ita ce maganar da muke so mu jawo hankalin masu motoci da 'yan kasuwa da hukuma a kanta.

Direba magidanci ne kamar kowa, kuma akwai hidimomin da ba su jiran mutum. Idan aka yi masa haihuwa, ranar bakwai za a raɗa suna, ko yana nan ko ba ya nan. Idan an sa ranar ɗaurin auren 'yarsa, an riga an raba goro, dangi sun taso daga nesa, ba a ɗagawa don motarsa na cikin layi. Ranar Salla sananniya ce. Rasuwa kuwa ba ta sallama, kuma a al'adarmu ba a ajiye gawa, saboda haka direbobi da yawa ba su sami jana'izar iyayensu ba, wani ma ko sadakar uku bai riska ba. Ban da waɗannan, akwai ƙananan al'amura da ke riƙe da gida: kai mara lafiya asibiti, zuwa makaranta idan malamai sun nemi uba, sulhu tsakanin 'yan'uwa, gyaran ɗaki kafin damina. Ma'aikacin ofis yakan rubuta takarda ya nemi izini, a ba shi. Direba kuwa sai dai ya buga waya ya ba da haƙuri, har iyalinsa su saba da rashinsa. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to amma wannan ba da son ransa ya bari ba.

Bari mu yi lissafi, domin a ga inda kwanakin ke tafiya. Daga Kano zuwa Ikko kimanin kilomita 1,000 ne. Ƙa'idar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 50 a awa bisa babbar hanya, 60 kuma bisa tagwayen hanyoyi na gudu. Ke nan tuƙin kansa bai wuce awa 20 ba, wato kwana biyu da 'yan awoyi ga wanda ke tsayawa ya yi salla, ya ci abinci, ya yi barci. Idan aka haɗa zuwa da dawowa da lodi da saukewa, mako guda ya isa. To, me ya sa sau da yawa sai direba ya yi mako biyu ko uku bai ga ƙofar gidansa ba? Amsar ita ce jira. Ba tafiya ke cinye kwanakin direba ba, tsayuwa ce.

Akwai jiran lodi a daffon mai da masana'anta da bakin tashar jiragen ruwa. Jama'a ba su manta da halin da aka shiga a Apapa ba, musamman daga 2017 zuwa 2020, lokacin da motoci suka yi jerin gwano bisa gadoji, direbobi suna yin makonni a cikin layi, nan ne wurin kwanansu, nan ne wurin wankansu. A watan Fabrairu na 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fito da tsarin kiran motoci ta na'ura mai suna Eto, aka sami sauƙi, ko da yake koke-koke ba su ƙare ba. Sannan akwai jiran saukewa, inda ɗan kasuwa kan mai da motar wani ta zama sito, ya ƙi sauke kaya sai ya sami mai saye. Bayan an sauke kuma sai jiran lodin dawowa, domin mai mota ba ya yarda motarsa ta komo fanko.

Sai kuma hanyar kanta. A watan Yuni na 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, motoci suka koma zagaye mai nisa. A watan Satumba na 2021 direbobin manyan motoci da kansu suka toshe hanyar Bida zuwa Lambata kwana da kwanaki, suna kukan lalacewar hanya da hana su bin wata. Aikin hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka fara a 2018, ya kai har 2024 ba a gama ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ba, ana ta karkatar da motoci hannu ɗaya. Daɗin daɗawa ga shingaye, na hukuma da na waɗanda suka naɗa kansu hukuma, kowane da irin takardar da yake nema da irin harajin da yake karɓa. Ga kuma wuraren da tsoron 'yan fashi da masu satar mutane ya sa ba a ratsawa sai gari ya waye, sai an taru an yi ayari.

Abin da ya sa wannan jira ya zama zalunci shi ne yadda ake biyan direba. Mafi yawansu bisa tafiya ake sallamarsu, a ba su kuɗin hanya a dunƙule. Kwanan da mota ta yi a tsaye ba a lissafa masa shi, alhali kuwa daga cikin kuɗin hanyar nan yake ci, ya ciyar da yaran mota, ya biya mai gadi. Wanda ya jawo jiran ba ya asarar ko kwabo, wanda bai jawo ba shi ke biya da aljihunsa da kwanakin iyalinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

To, ina illar wannan ga wanda ba direba ba? Illar tana bisa kwalta. Mutumin da ya yi kwana goma a layi, aka yi masa lodi ranar Laraba, ga suna a gidansa ranar Juma'a, me ake zaton zai yi? Zai taka mota dare da rana domin ya fanshe kwanakin da aka ci masa. Zai cika baki da goro, ya sha shayi mai kauri, wani ma har ya kai ga ƙwaya, duk don ya kori barci. Barci kuwa ɓarawo ne, ba ya shawara, kuma idan ya saci mai riƙe da sitiyarin mota mai tan 30, ba shi kaɗai abin ke shafa ba. Ya shafi motar haya da ke tahowa cike da fasinja, da mai babur, da 'yan tallan bakin hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya da na kaya a 2017, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai na'ura na iya hana mota gudu, ba ta iya hana direba tuƙi cikin gyangyaɗi. Wanda aka hana gudu, kuma ba a rage masa jira ba, daga barcinsa zai ciro bambancin.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba, kuma yana da kyau mu dubi yadda wasu suka tunkare ta. Tun a 1979 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara yarjejeniya mai lamba 153, wadda ta ce kada direba ya yi tuƙin fiye da awa 4 a jere ba hutu, kada kuma ya wuce awa 9 a yini ko 48 a mako. A Amurka doka ta tsayar da tuƙi a awa 11, bayan hutun awa 10 a jere, kuma tun ƙarshen 2017 na'ura ke rubuta awoyin, ba hannun direba ba. Amma waɗanda suka fi kusantar abin da muke magana a kai su ne ƙasashen Tarayyar Turai. A 2020 suka wajabta wa kowane kamfanin sufuri ya tsara aikinsa yadda direba zai iya komawa gida cikin kowane mako huɗu, suka kuma hana a yi babban hutun mako na awa 45 a cikin mota. Wasu ƙasashen gabashin Turai sun kai ƙara, amma a 2024 kotun Tarayyar ta bar wannan haƙƙi na direba yadda yake. Darasin da ke ciki shi ne, sun ɗauki komawa gida a matsayin haƙƙi da ake rubutawa, ba alfarmar da ake roƙo ba. Mu ma Dokar Ƙwadago tamu ta ba ma'aikaci hutun yini guda cikin kowane kwana bakwai. Tambaya ita ce, direbobi nawa ne wannan hutu ke riska a gidajensu?

Ba mu jahilci uzurin masu motoci ba. Mota da bashi ake sayenta, man dizal da taya da kayan gyara sun yi tsada, kuma motar da ke ajiye ba ta kawo komai. Tumatir ba ya jira, shanu ba su jure daɗewa a cikin mota. Duk wannan gaskiya ne. Amma ai ba wanda ya ce a ajiye mota. Mutum ne ke bukatar gida, ƙarfe ba ya bukata. Mai motoci biyar da ya ɗauki direbobi shida ko bakwai, motocinsa ba za su tsaya ba, kuma kowane direba zai sami makonsa. Albashin direba guda na shekara bai kama ƙafar asarar tanka ɗaya da ta kife ta kama wuta ba, balle rayukan da ba su da diyyar da za ta maido su. Bayan haka, ƙwararren direba mai amana ba ya daɗewa wurin ubangidan da bai san darajar iyalinsa ba, sai ya bar motar a hannun sabon shiga.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Da farko, ranar komawa gida ta shiga cikin yarjejeniyar aiki a rubuce, kamar yadda ake rubuta ranar isar kaya. Idan direba ya faɗi ranar suna ko biki tun da wuri, wajibi ne a tsara tafiyarsa a kanta, a ba shi gajeren zango a makon. Na biyu, manyan kamfanoni masu ɗaruruwan motoci su gwada tsarin karɓa-karɓa, direban Arewa ya miƙa mota ga na Kudu a Jebba ko Lokoja, ya karɓi mai komawa, kowa ya kwana kusa da gida. Na uku, ƙungiyar masu motoci ta NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG da sauran ƙungiyoyin direbobi su zauna su yanke kuɗin jira, yadda duk wanda ya tsare mota fiye da kwanakin da aka amince zai biya, kuma direba ya sami kasonsa. Ranar da jira ya fara cin aljihun mai kaya, ranar zai ragu. Na huɗu, ƙungiyoyin nan da ke karɓar kuɗi a kowace tasha su ajiye sunayen amintattun direbobi a manyan zangogi irin su Ogere da Tafa da Mararrabar Jos, domin idan rasuwa ko rashin lafiya ta auku, a sami mai karɓar mota, mai ita ya kama hanyar gida.

Gwamnati kuma nata aikin a fili yake: gyaran hanya, rage shingaye, tsaron matafiya, da gina wuraren ajiye manyan motoci masu ruwa da makewayi da wurin kwana. Tashoshin kaya na tudu da aka buɗe a Kaduna a 2018, da Dala ta Kano a 2023, da Funtuwa a 2024, an yi su ne domin jirgin ƙasa ya kawo kwantena har Arewa. Idan suka yi aiki sosai, direban da ke zuwa Apapa zai koma ɗauka daga Kano zuwa Katsina ko Haɗeja, ya je ya dawo a yini guda.

Su ma direbobi akwai tasu. Ba kowane jinkiri ne laifin hanya ba, domin akwai wanda kan sami sarari ya ƙarar da shi a zango wurin hira da abin da bai kamata ba, iyali na can suna zuba ido. Wanda ke neman a girmama ranarsa, shi ma sai ya girmama ta: ya faɗa da wuri, ya duba birki da taya kafin ya tashi, ya kuma dawo bakin aiki ranar da ya ce. Alkawari kaya ne, ko a wuyan wa yake. Idan kuwa lokaci ya ƙure, gara a raɗa suna ba ya nan da a raɗa wa maraya.

Muna fata masu faɗa a ji za su dubi wannan magana da idon basira. Mutumin da ke kai wa kowa bukatarsa a kan lokaci ya cancanci a bar shi ya isa gidansa a kan lokaci. Allah Ya kai matafiya gida lafiya, amin.