Kowane Gida Ya Ajiye Tukunyar Kashe Gobara

Daga wani ɗan aji biyar

Da zarar hunturu ya kama, iska ta fara kaɗawa, zana da azara suka bushe ƙamas, sai ka ji labarin gobara ya yawaita a rediyo. Yau a wannan unguwa, gobe a waccan kasuwa. Mutanen Kano ba su manta da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta shekarar 2016 ba, wadda ta tashi cikin dare ta cinye dubban shaguna. A shekarar 2021 kuma yara 20 suka rasu a wata makaranta a Yamai, sa'ad da wuta ta kama azuzuwansu na zana. Waɗannan su ne duniya ta ji. Amma gobarar cikin gida, wadda takan cinye ɗakin amarya ko rumbun hatsi, ba mai jin labarinta sai maƙwabta. Saboda haka nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ga abu guda: ya kamata kowane gida ya mallaki tukunyar kashe gobara mai hoda, ko da ƙarama ce, kuma mutanen gidan su san yadda ake aiki da ita.

Dalilina na farko shi ne gidajenmu sun sake. A zamanin kakanninmu abin da ke kawo gobara bai wuce garwashin murhu da fitila ba, kuma guga biyu na ruwa kan yi maganinsa. Yanzu kuwa a gida guda sai ka tarar da tukunyar gas a madafa, da janareto a tsakar gida, da jarkar fetur a bayan ƙofa, da hita a cikin bokiti, ga wayoyin lantarki an yi musu haɗin gambiza. Irin wannan wuta ruwa ba ya maganinta. Fetur da kananzir ba su kai ruwa nauyi ba, don haka in ka watsa musu ruwa sai su hau kansa, su bi shi duk inda ya gangara, wutar ta ƙara yaɗuwa. In kuwa wutar lantarki ce, ruwan da ka watsa shi zai ɗauko ta ya kawo maka har hannu. Ka ga garin neman gira an rasa ido.

A darasin kimiyya an koya mana cewa wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu, wato abin da za ta ci, da zafi, da iska. In ka raba ta da ɗaya daga cikinsu, ta mutu. Hodar da ke cikin tukunyar nan takan lulluɓe abin da ke ci, ta shiga tsakaninsa da iska, ta kuma katse harshen wutar nan take. A jikin tukunyar za ka ga an rubuta haruffa uku, ABC. Harafin A na nufin wutar itace da tufafi da takarda da katifa. B na nufin wutar fetur da kananzir da fenti. C kuma wutar gas. Bugu da ƙari, hodar ba ta ɗaukar lantarki kamar yadda ruwa ke yi. Wannan shi ya sa ta fi dacewa da gida, domin mai gida ba ya zaɓen irin wutar da za ta tashi masa.

Na san wasu iyayenmu za su ce, "Yaro bai san tsadar rayuwa ba, ana ta abinci wa ke ta jar tukunya?" Gaskiya ne abubuwa sun yi tsada. Amma ƙaramar tukunya mai kilo 1 ko 2 ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba, ba ta kuma kai kuɗin wayar da ke aljihun yayyenmu ba. Shinkafa wata guda ta ƙare, ita kuwa tukunyar takan yi shekaru tana gadin gida. Mu dubi uban da ya shekara yana tara kuɗi ya yi wa 'yarsa gado da katifa da kujeru, amma bai sa mata abin da zai tsare kayan ba. Da za a mai da tukunyar kashe gobara cikin kayan ɗaki, da an yi wa amarya gata. Inda kuma kuɗi suka gaza, gidaje uku ko huɗu da ke jere suna iya haɗa hannu su sayi babba mai kilo 6 ko 9, su ajiye a zauren da kowa ya sani. Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta wajabta wa kowane direba ya ajiye irin wannan tukunya a motarsa. To, in mota ta cancanci haka, ina ga ɗakin da yara ke kwana?

Wasu kuma za su ce ai akwai 'yan kwana-kwana. Akwai su, kuma suna ƙoƙari. Amma kafin a kira su, su taso, su ratsa cunkoson motoci, su nemi hanya cikin lungun da ko amalanke da ƙyar take wucewa, wuta ta gama ɗaki ta haye rufi. Garuruwa da yawa ma ba su da ofishinsu sam. Kowace babbar gobara da ƙaramar wuta ta fara, kuma wanda ke kusa da ita a mintin farko shi ne mai iya kashe ta. Akwai kuma masu cewa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne. Amma mai faɗin haka yakan kulle ƙofarsa da dare, yakan kuma kai ɗansa asibiti in ba shi da lafiya. Hausawa na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Sai dai wajen saye a yi hattara, domin araha ba ta ado. Akwai 'yan damfara da ke shafa wa tsohuwar tukunya jan fenti su sayar a bakin titi. A saya a wurin dillalin da aka sani, wanda zai iya sake cika ta. A duba agogon da ke wuyanta, allurar ta kasance a kan kore. In ta sauka, ƙarfin da zai turo hodar ya zurare. A duba ƙusar da ke maƙale a hannunta da ɗan zaren roba da ya ɗaure ta, kada a karɓi wadda aka tsinke. A duba kwanan watan da aka yi ta da haruffan ABC, a kuma guji mai tsatsa ko wadda ta lotsa. In an kawo ta gida, kada a jefa ta ƙarƙashin gado ko a kulle a ɗakin mai gida ya tafi kasuwa da mabuɗi. A rataye ta a bango kusa da ƙofar fita, nesa kaɗan da murhu, inda babba zai kai hannu amma ƙananan yara ba za su kai ba. A riƙa duban agogon kowane wata, a kai ta wurin masu gyara sau ɗaya a shekara. In an taɓa fesa ta, ko da kaɗan ne, sai an sake cika ta.

Yadda ake aiki da ita ba wuya. Ka tsaya kamar taku uku daga wutar, ƙofa tana bayanka, in a waje ne kuma iska tana bayanka. Ka zare ƙusar. Ka auna gindin wutar, wato abin da ke ci, kada ka auna harshenta da ke sama. Ka matse hannun, kana kaɗa bakin dama da hagu kamar mai shara. Ka sani fa ba ta daɗewa: mai kilo 2 takan ƙare cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka, mai kilo 6 ma ba ta cika wuce daƙiƙa 20 ba. Wanda ya tsaya karanta rubutun jikinta bayan wuta ta tashi ya makara, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Hodar takan turnuƙe ɗaki ta hana gani, ta shaƙe mutum, ta kuma ɓata rediyo da talabijin. Ba ta sanyaya abu kamar ruwa, don haka katifa ko katako na iya sake kamawa, sai a tsaya a lura. In gas ne ke ci, a fara rufe kan tukunyar gas ɗin in ana iya isa gare shi. In lantarki ne, a kashe shi daga mita. In kuma man suya ne ya kama a kasko, kamar yadda yakan faru ga masu ƙosai da awara, a kashe murhun a rufe kaskon da murfi, kada a kuskura a zuba ruwa. Idan wuta ta kai rufi, ko hayaƙi ya cika ɗaki, to ta fi ƙarfin tukunya. A fitar da kowa, a ja ƙofa, a kira lamba 112 ko ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa. Kaya ana sake samunsu, rai kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

A ƙarshe, aiki ya rage gare mu ɗalibai. Wuta takan tashi sa'ad da maza suka fita, aka bar iyayenmu mata da yara a gida. To, in mun je hutu, mu zauna da su mu nuna musu ƙusar da agogon da inda ake aunawa. Ina kuma roƙon hukumar makarantarmu ta gayyato 'yan kwana-kwana su gwada mana a filin wasa, kowa ya riƙe tukunyar da hannunsa. Iyayenmu kuma, don Allah, kafin hunturun bana ya yi nisa, a tsakura daga kuɗin cefane a sayo ko da ƙarama. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.