SHARHI: Ciwon asma da fasahar waya: Tunatarwa ba ta wadatar idan babu maganin a hannu

Duk shekara idan hunturu ya kankama, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan lulluɓe Arewacin Najeriya, ta gangara har Abuja da Legas. Ga mafi yawan mutane, lokaci ne na kaushi da mura. Ga mai ciwon asma kuwa, dare ɗaya ya isa ya kai shi sashen gaggawa na asibiti, ƙirji a ɗaure, numfashi na fita da ƙyar. Yanzu da wayar salula ta shiga kusan kowane gida, tambayar da ke gaban masu tsara harkar lafiya ita ce ko za a iya amfani da ita wajen hana majiyyaci kaiwa ga wannan hali.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000. Yawancin mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka auku, inda ba a gano ciwon da wuri, ba a kuma samun magani yadda ya kamata.

Maganin shaƙa na asma iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanyar numfashi nan take, irin su Ventolin, wanda ake ɗauka idan ciwon ya tashi. Akwai kuma na riga-kafi, mai kwantar da kumburin da ke cikin hanyoyin iska, wanda ake so a riƙa shaƙa ko da an ji sauƙi. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina amincewa da a bar manya da matasa kan maganin gaggawa shi kaɗai, domin yana rufe alamun ciwon ne kawai, kumburin na nan. Sai dai majiyyaci yakan ajiye na riga-kafi da zarar numfashinsa ya daidaita, kuma wannan giɓin ne kayan fasahar zamani suka zo cikewa.

Kayan sun kasu kashi-kashi: saƙon tes mai tuna lokacin magani, manhajar waya da ake rubuta alamun ciwo a ciki, ganawa da likita ta bidiyo, da kuma ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a jikin bututun shaƙa, wadda ke ƙirga kowace shaƙa da lokacinta ta aika wa waya. A 2022 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 40 da aka yi a kan fiye da mutum 15,000, ta gano cewa irin waɗannan kayan suna ƙara wa majiyyata dagewa kan maganin riga-kafi. Na'urar da ake maƙalawa da saƙon tes su ne suka fi nuna tasiri. A birnin Louisville na Amurka kuma, an raba wa masu asma irin wannan na'ura, aka yi amfani da bayananta wajen gano unguwannin da ciwon ya fi tashi, abin da ya ba hukumomin birnin hujjar duba gurɓatar iska a wuraren.

Duk da haka, ko a can fasahar ba ta zauna da gindinta ba. A 2024 kamfanin Teva ya daina sayar da magungunansa na shaƙa samfurin Digihaler, masu ɗauke da na'urar a cikinsu, a kasuwar Amurka. Idan ƙasar da ke da inshorar lafiya mai faɗi ba ta riƙe irin wannan kaya ba, Najeriya na da dalilin yin taka-tsantsan kafin ta zuba kuɗi a kansa.

Matsalar Najeriya ta fara tun kafin a kai ga batun mantuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2024, wanda aka gudanar a makarantun birane shida na Afirka ciki har da Legas, ya tantance ɗalibai kimanin 27,000 masu shekara 12 zuwa 14. Kusan ɗaya cikin takwas na da alamun asma, amma huɗu cikin biyar na waɗannan ba a taɓa tabbatar musu da ciwon a asibiti ba. Yaron da iyayensa ke ɗaukar tarinsa na dare a matsayin sanyi, suna saya masa maganin tari a kemis, babu manhajar da za ta kai gare shi.

Sai kuma tsada. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai yin Ventolin da Seretide, ya sanar da rufe harkokinsa na kai-tsaye a Najeriya, watanni biyu bayan an saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Magungunan suka yi ƙaranci, farashinsu ya ninka. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna, sai dai ana shigo da magungunan shaƙa ne daga waje, kuma mafi yawan 'yan Najeriya daga aljihunsu suke biyan kuɗin magani, duk da cewa dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Wanda ke taƙaita shaƙa domin bututu ɗaya ya kai shi ƙarshen wata bai manta da magani ba, kuma saƙon tunatarwa ba zai ƙara masa komai ba sai damuwa.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da fasahar. Abin dubawa shi ne wacce ta dace da ƙasar. Najeriya na da misali a gida: tun 2010 hukumar NAFDAC ta ɓullo da tsarin kankare lamba a jikin fakitin magani a tura ta saƙon tes domin gane na jabu, tsarin da ke aiki a kan ƙaramar waya ba tare da data ba. Haka za a iya tura gargaɗin hazo da ƙura da hukumar NiMet ke fitarwa kai-tsaye ga masu asma, cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci, har da saƙon murya domin waɗanda ba su yi karatu ba. Gajeren bidiyo a WhatsApp zai iya koyar da yadda ake shaƙar magani daidai, da yadda ake mayar da gorar roba mai cin rabin lita ta zama mazubin da ke taimaka wa yaro shaƙa, dabarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Ma'aikacin asibitin shan-magani a ƙauye zai iya samun jerin tambayoyi a wayarsa da zai taimaka masa gane alamun asma ya tura majiyyaci gaba. Rajistar kwamfuta kuma za ta nuna wa gwamnatin jiha asibitin da maganinsa ya kusa ƙarewa kafin hunturu ya shigo.

Akwai kuma batun sirri. Na'urar da ke ƙirga shaƙa tana iya adana wurin da mutum yake da yanayin lafiyarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka wajibi ne a san inda kowace manhaja ke ajiye su da wanda ke iya ganin su.

Ma'aikatar Lafiya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta sanya mayar da bayanan lafiya kan kwamfuta cikin manufofinta. Ga masu asma, amfanin wannan manufa ya rataya ne kan ko za a haɗa ta da gwaji a ƙananan asibitoci da kuma samar da maganin riga-kafi ta hanyar inshora a farashin da talaka zai iya biya. Idan an yi haka kafin ƙurar hunturu mai zuwa ta taso, saƙon da zai shigo wayar majiyyaci zai tarar da maganin a hannunsa.