Daular Fatake a Ƙagaggen Tarihi: Me Zai Hana a Gina Ta Tsakanin Zazzau da Kano?

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ya bunƙasa a adabin duniya, wanda za mu iya kira "tarihin da-a-ce". Marubuci kan ɗauki wata mararraba ta tarihi, ya karkata akalarta, sannan ya bi sawun abin da zai biyo baya. Haka Nisi Shawl ta yi a littafinta Everfair na 2016, inda ta ƙago ƙasa mai 'yanci a Kwango a zamanin zaluncin Sarki Leopold na Biyu. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da marubutan Hausa za su gwada wannan fage, kuma su gina ƙagaggiyar daularsu a kan fatauci, a ƙasar da suka sani.

Ƙago ƙasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun 1934 Bello Kagara ya fitar da Gandoki daga yaƙin Turawa ya kai shi ƙasashen aljannu, kuma littattafan yaƙi na baya-bayan nan cike suke da biranen da babu su a taswira. Sai dai yawancinsu takobi da tsafi ne ke riƙe da su. Mai karatu ba ya sanin abin da talakawansu ke nomawa, balle inda sarki ke samun kuɗin ciyar da dakarunsa.

A ɗauki yankin Ikara da Maƙarfi da Kudan, wanda ke arewacin Zazzau, daura da ƙasar Kano. A ƙaddara cewa a ƙarni na 19 madugai da manoman wannan yanki sun haɗa kai sun kafa daularsu. Tambayoyi huɗu ne ke jiran marubucin.

Ta farko, me daular ke sayarwa? Yau an san Maƙarfi da Kudan da rake, an kuma san Ikara da tumatir. Amma tumatir asalinsa daga nahiyar Amurka yake, ga shi ba ya jure tafiya. Rake kuwa nauyi gare shi, ba hajar da jaki zai kai Gwanja ba ce, sai fa in an mayar da shi mazarƙwaila, wanda hakan ke buƙatar marubucin ya bayyana yadda na'urar matsewa ta zo musu. Abin da ya fi dacewa da wancan zamani shi ne auduga da baba, waɗanda masaƙa da marinan Kano ba sa ƙoshi da su.

Ta biyu, yaya take cin moriyar hanya? Ayarin goro yana tafiya ne ƙarƙashin madugu da jagaba, yana sauka a zango, yana biyan kuɗin fito da wuri. Daular da ta tsananta haraji, fatake za su kauce mata. Wadda ta sassauta ƙwarai, baitulmalinta zai bushe. A wannan tsaka-mai-wuya kaɗai akwai rikicin da zai ɗauki littafi guda.

Ta uku, me zai hana Zazzau ko Kano su haɗiye ta? Tarihi ya ba da misalai: Abuja ta Haɓen Zazzau, da Maraɗi, da Ningi, duk sun tsare kansu daga daular Sakkwato, amma da yaƙi, da kagara ko tsaunuka. Daular fatake sai ta nemi wata garkuwa, wataƙila bashin da sarakuna ke ci a hannunta.

Ta huɗu ita ce mafi ɗaci: wa ke yin aikin? Arzikin Zazzau na wancan ƙarni ya jingina ƙwarai da bayi da rumadan da suke nomawa, kamar yadda labarin Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954, ya nuna. Marubucin da ya share wannan ya yi wa mai karatu rufa-rufa. Ko dai daularsa ta ci gumin bayi, ko ya nuna abin da ta sadaukar don ta guje masa.

Wasu za su ce wannan wasa ne da tarihi, kuma yana iya rikita ɗalibi. Fargabar tana da tushe, amma maganinta shi ne a fayyace mararrabar tun farko. Wanda zai ƙaga abin da bai faru ba, dole ya ƙware a kan abin da ya faru: faɗuwar Zazzau a 1902, da ta Kano a 1903, da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, wanda ya karya lagon ayari.

Riba mafi girma kuwa ta yau ce. Ɗalibin da ya zauna ya tsara yadda ƙagaggiyar daula za ta riƙe ribar amfanin gonarta, zai dawo da tambaya mai nauyi: me ya sa har yanzu rake da tumatir ke fita daga wannan yanki ɗanyu, ribar sarrafa su ta tafi wani wuri? Sassan Hausa na jami'o'inmu su ba ɗalibai wannan aiki. Ƙagaggiyar daular da aka gina da gaskiya, madubi ce ta ƙasar da muke ciki.