Kare Mai Ubangida da Hukuncin Unguwa

A garin Tawa da ƙauyukan arewacin Adar akwai hukuncin da jama'a suka yanke tun ba a kai ƙara ba, wato matasan ma'auratan da suka ajiye kare a gida ko dai Turawa suke kwaikwayo ko kuwa sun yi sakaci da tsarki, kuma nauyin hukuncin kan amarya yake faɗawa, domin ita ce surukarta za ta tambaya a wane ƙoƙo aka dama furar da aka kawo mata. Ana cewa kare najasa ne, ana cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake ciki, daga nan sai a rufe bakin magana kamar an kai ƙarshen littafi. Wannan ra'ayi, duk da yawan masu riƙe da shi, ya manta da tarihin ƙasar da ake faɗinsa a cikinta, ya yi wa fikihun da yake jingina da shi karatun rabi, kuma shi da kansa yake rainon cutar da ya kamata a ji tsoro.

Zargin kwaikwayon Turawa shi ne mafi sauƙin rushewa, domin a wannan fanni Turawa ne suka zo aro. Kwarin Azawak, wanda ya shimfiɗu arewa da Tawa ta wajen Abalak da Cintabaradan har cikin ƙasar Mali, shi ya ba da sunansa ga siririn kare mai dogayen ƙafafu da Abzinawa suka daɗe suna tsaron zango da farautar barewa da shi. A farkon shekarun 1970 aka fara kai irinsa Turai, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin jinsunan da ta amince da su, yana ɗauke da sunan kwarin. Mafarautan Adar da ke fita daji da rani, da masu garkar albasa a kwarin Keita da Tamaske, ba su jira wani baƙo ya koya musu amfanin kare ba, kuma harshen da ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana harshen mutanen da suka zauna da dabbar ne har suka san halinta.

Batun najasa ya fi bukatar natsuwa. Mutanen Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, mazhabar Malikiyya suke bi, kuma ɗalibin da ya wuce Ahalari da Ishmawi ya kai Muhtasar na Shehu Halil ya san cewa a wannan mazhaba duk abu mai rai tsarkakke ne, har da guminsa da yawunsa, ba a kuwa cire kare daga wannan ƙa'ida ba. Umarnin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikinta malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin ta'abbudi, wato hukuncin da ake bi don biyayya ko da hankali bai gano dalilinsa ba, kuma sun kafa hujja da ayar Suratul Ma'ida da ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, alhali da bakinsa yake kamawa. Ɗaukar kare a matsayin najasa mai kauri, wadda sai an wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa, ra'ayin Shafi'iyya da Hambaliyya ne, ra'ayi ne mai daraja a wurin masu shi, amma abin mamaki ne a ga mutumin da ke alwala da salla a kan Malikiyya ya yi tsalle zuwa wata mazhaba a ranar da yake son kunyata matar ɗansa kaɗai.

Masu suka suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ɓoye ta rashin gaskiya ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, ta hana ajiye kare a gidajen gari, ta keɓe izini ga noma da kiwo da farautar neman abinci, akwai kuma hadisin da ya yi gargaɗin tauyewar lada ga wanda ya riƙe kare ba da ɗayan waɗannan dalilai ba. Sai dai masu sharhin Risalar sun kawo labarin cewa shi mawallafin da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa da ƙyamar Imamu Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Ibn Abdil Barri, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya faɗaɗa izinin zuwa duk inda ake neman amfani ko kawar da cuta. Hadisin mala'iku ma malamai sun yi saɓani a kansa, Nawawi ya ce ya game kowane kare, Haɗɗabi kuwa ya ce ya tsaya ga wanda ba a yi izinin riƙe shi ba. Abin da manya suka bari a buɗe bai kamata majalisar bakin titi ta rufe shi ba.

Tambayar da ta rage ita ce ko gidan matasan nan yana da bukata, kuma amsarta tana cikin yadda Adar take rayuwa. Yankin ya shahara da bida, wato tafiyar da maza ke yi bayan girbi zuwa Abijan ko Najeriya ko Libiya neman kuɗi, wadda kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. A da amarya takan zauna cikin babban gida, kewaye da surukai da faccaloli, ko tari ta yi an ji. Yanzu malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ya yi aure yakan kama haya a sababbin unguwannin gefen gari, inda katanga ba ta ƙarasa ba kuma maƙwabci na gaba kango ne, a tsakar gida ga babur, ga ragon layya, ga allon hasken rana a kan rufi. Karen irin wannan gida da rana yana ɗaure a inuwa da kwanonsa na dabam, yana cin sauran tuwo, ana cire masa kaska, ana ƙara masa ruwa a zafin watan Afrilu, da dare kuma a sake shi cikin gida ya yi aikin da aka ajiye shi dominsa. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar tabarmar salla, kuma ma'auratan da suka ɗora shi kan gado don sun gani a waya su ma sun ɓata lissafi, ko da yake ba su ne masu yawa ba.

Haɗarin gaske a jikin kare shi ne ciwon hauka, cutar da ke bin cizo ta kai ga ƙwaƙwalwa, wadda da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari kuwa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma ta nuna cewa yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura yana katse yaɗuwarta. A nan ƙyamar da ake taƙama da ita take zama ɓarna, domin garin da ake jin kunyar a ce "karena ne" ba ya rabuwa da karnuka, yana dai rabuwa da masu ɗaukar alhakinsu. Ana karɓar kwikwiyo don yara, idan ya girma surutu ya yi yawa a kore shi, ya koma bola da mahauta, yara su bi shi da jifa har ranar da zai juyo. Irin wannan kare babu mai kai shi wurin likitan dabbobi, idan ya yi cizo kuma babu wanda zai ce ga takardar allurarsa, sai a wanke raunin da ruwa da sabulu na minti 15 a garzaya asibiti ana fargaba.

A Injamena, babban birnin Chadi, an yi wa karnuka allura kyauta a 2012 da 2013, an zarce kashi 70 ɗin a duka shekarun biyu, cutar kuma ta yanke a cikin birnin na wani lokaci kafin karnukan waje su sake shigo da ita. Aikin ya yiwu ne saboda mutane sun fito da rana tsaka riƙe da igiya, kowa ya kawo nasa gaban malaman allura ya amsa cewa shi ne ubangidansa, wanda kuwa shi ne ainihin abin da ake yi wa ango da amarya gori a kansa a Tawa.