Raddi Ga Mai Cewa Gasar St. Louis Wasan Unguwa Ce

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin masu sharhin wasanni, wai Amurkawa ba su san ƙwallon ƙafa ba sai da Pele ya sauka New York a 1975, wasu ma su ce sai da aka kai musu gasar cin kofin duniya a 1994. Da a gidan kallo kawai ake faɗinta da ban ɗauki alƙalami ba. Amma kwanan baya wani marubuci da nake ganin girmansa ya ɗauke ta ya yi mata ado da hujjoji. Da aka tuna masa cewa birnin St. Louis na jihar Missouri yana da gasar ƙwararru tun 1907, sai ya ce wannan ai wasan unguwa ne. Hujjarsa ita ce ƙungiyoyi huɗu ne kacal a gari ɗaya, sunayen kantuna da masana'antu suke ɗauke da su, 'yan wasan baƙi ne 'yan ci-rani daga Turai masu wata sana'ar daga Litinin zuwa Asabar, sannan gasar ta mutu ba ta bar magaji ba. Malam ya yi karatu, ban musa ba. Sai dai ya ɗauki mudun yau ya auna hatsin shekara ɗari da suka wuce, don haka zan bi maganganun nasa ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da batun ƙanƙanta, tunda a kansa ya fi jingina. Gaskiya ne, a mafi yawan shekarunta ƙungiyoyi huɗu ne a gasar. A kakar 1915 zuwa 1916, bayan an ɗinke ɓarakar da ta raba ta gida biyu a 1913, waɗanda suka fafata su ne St. Leo's da Innisfails da Ben Millers da Naval Reserves. To, wa ya ce a wancan zamanin sai gasa ta game ƙasa kafin a kira ta gasa? Ta birnin São Paulo a Birazil, wadda aka fara a 1902, ƙungiyoyi biyar ne suka buɗe ta, duk 'yan gari ɗaya. Rio de Janeiro ta bi sahu da tata a 1906. In aka cire Birtaniya, Ostiriya ce ta fara kafa gasar ƙwararru a Turai, a 1924, kuma kowace ƙungiya a cikinta ta birnin Vienna ce. A nan Matthias Sindelar ya yi suna, ban kuma taɓa jin wanda ya kira ta wasan unguwa ba. Sifaniya da Italiya sai 1929 suka sami gasar ƙasa ta bai-ɗaya, Jamus kuwa sai 1963. Abin da ya sa Ingila ta iya haɗa ƙungiyoyi 12 tun 1888 shi ne garuruwan nasu suna maƙwabtaka da juna, jirgin ƙasa na sada su cikin 'yan sa'o'i. Tsakanin St. Louis da New York akwai kimanin kilomita 1,400. Babu ƙungiyar da za ta riƙa yin wannan tafiya kowane mako a jirgin ƙasa ba ta karye ba. Kuma kada a ɗauka St. Louis ƙaramin gari ne: a ƙidayar 1910 shi ne birni na huɗu a yawan jama'a a duk Amurka, da mutum sama da 680,000.

Batun sunayen kamfanoni ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ben Miller kamfanin huluna ne, Scullin na ƙarafa, Vesper Buick na sayar da motoci, Stix, Baer & Fuller kuwa babban kanti ne. Idan wannan ya isa ya zubar da darajar ƙungiya, sai Malam ya fara da Arsenal, wadda ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich suka kafa a 1886, da Manchester United da ta fara a 1878 a matsayin Newton Heath ta ma'aikatan jirgin ƙasa, da PSV ta kamfanin Philips, da Bayer Leverkusen ta kamfanin magunguna. Inda zan ba shi gaskiya shi ne, a St. Louis suna yana bin mai ɗaukar nauyi. 'Yan wasan da aka sani da Stix a 1934, shekara na zagayowa sun zama Central Breweries, bayan nan kuma Shamrocks. Uba ba zai iya gadar wa ɗansa son sunan da ke sauyawa duk bayan shekara biyu ba, kuma wannan ya cuci gasar ƙwarai. Illa ce babba, amma illar gasa ce da ke raye tana tara jama'a.

Inda Malam ya fi yin nisa da gaskiya shi ne cewar da ya yi wasan baƙi ne. Wannan siffar gabashin Amurka ce, ya ɗauko ta ya liƙa wa St. Louis. A gabas, gasar American Soccer League da aka kafa a 1921 ta cika da 'yan Scotland da Ingila, waɗanda masu masaƙu da masana'antun ƙarfe suka riƙa janyowa da albashi mai tsoka, har hukumomin ƙwallon Turai suka kai ƙara gaban FIFA. Alex McNab, alal misali, daga Greenock Morton aka ɗauko shi zuwa Boston a 1924. A St. Louis kuwa a harabar cocin Katolika da makarantunta wasan ya yi saiwa, musamman a unguwannin 'yan asalin Ireland irin su Kerry Patch. Kakanni ne suka tsallako teku. Yaran da ke buga ƙwallon a bakin kogin Mississippi aka yanke musu cibiya. St. Leo's, wadda ta mamaye gasar a shekarunta na farko, sunan cocin unguwarsu ta ɗauka. Tun kafin a kafa gasar ma, a wasannin Olympics na 1904 da aka yi a birnin, ƙungiyoyi biyun da suka wakilci Amurka na gida ne, Christian Brothers College da St. Rose Parish, ko da yake Galt ta Kanada ce ta lashe zinare. Ranar Lahadi a lokacin sanyi, an fito daga coci, an ci abinci, sai a nufi fili, ƙungiyoyi huɗun su yi wasa biyu a jere. Wanda ke tsaron raga maƙwabcinka ne, mai buga gaba kuwa kun zauna aji ɗaya da wansa.

Hujjar da ta yanke magana ita ce wasan ƙarshe na kofin ƙasa, National Challenge Cup, a watan Mayun 1920. Tun da aka fara ba da kofin a 1914 bai taɓa barin gabas ba: Brooklyn Field Club ta ɗauka sau ɗaya, Fall River Rovers sau ɗaya, Bethlehem Steel sau huɗu. A wannan shekara Fore River, ƙungiyar masu ƙera jiragen ruwa ta Quincy a jihar Massachusetts, ta zo St. Louis da tawaga cike da haifaffun Birtaniya. Ben Millers ta fito da mutum goma sha ɗaya, kowannensu ɗan gari, ta doke su da ci 2 da 1. Salon ma daban ne. Na gabas suna taka leda irin ta Scotland, gajeren ba-ni-in-ba-ka a ƙasa cikin natsuwa, su kuwa 'yan St. Louis gudu ne da ƙarfi da doguwar ƙwallo, ba sa barin abokin hamayya ya yi numfashi. Mutum yana iya cewa salon bai burge shi ba. Abin da ba zai iya cewa ba shi ne aro aka yi. Shekara goma bayan haka, da Amurka ta je gasar cin kofin duniya ta farko a Uruguay ta kai wasan kusa da na ƙarshe, akwai 'yan Ben Millers biyu a tawagar, Raphael Tracey da Frank Vaughn.

Sai maganar ƙwarewa, kuma a nan ne hujjar Malam ta fi nauyi, don haka ba zan tsallake ta da gudu ba. Ya ce wanda ke da wata sana'a ba ƙwararre ba ne. Bari ma in ƙara masa makami. A 1923 Scullin Steel, mai riƙe da kofin ƙasa, ta je Harrison a jihar New Jersey ta yi kunnen doki 2 da 2 da Paterson a wasan ƙarshe. Aka sa ranar sake wasa, Scullin ta ce ba za ta iya ba, wasu 'yan wasanta sun ji rauni, wasu kuma lokacin tafiyarsu wasan besbol ya yi, inda suke da kwantiragi. Aka miƙa wa Paterson kofi ba a sake buga ƙwallo ba. Wannan ya nuna a fili inda kuɗi suka fi kauri a Amurkar wancan lokaci. Amma me ake nufi da ƙwararre a tarihin ƙwallo? Tun da Ingila ta halatta abin a 1885, layin da ke raba ƙwararre da mai wasan sha'awa shi ne karɓar kuɗi a bainar jama'a a kan wasa, kuma 'yan St. Louis suna karɓa. Ba a taɓa gindaya sharaɗin cewa kuɗin sai sun wadatar da mutum har ya bar kowace sana'a ba. A Ingilar kanta an ƙayyade albashin ɗan wasa kada ya wuce fam 4 a mako tun 1901, ba a kuma cire irin wannan takunkumi ba sai 1961. Tom Finney na Preston bai bar aikin famfo ba duk shahararsa. Denis Compton yana buga wa Arsenal ƙwallo da sanyi, da rani kuma ya koma kurket. In raba shekara tsakanin wasa biyu yana cire mutum daga sahun ƙwararru, sai a cire Compton tare da 'yan Scullin.

In kuwa inganci ake tambaya, littafin kofin ƙasa yana nan. Daga 1920 zuwa 1935 an yi wasan ƙarshe sau 16, ƙungiyoyin wannan gasa sun kai 11 daga ciki, suka lashe biyar: Ben Millers a 1920, Scullin a 1922 da ta doke Todd Shipyards 3 da 2, Stix a 1933 da 1934, sai Central Breweries a 1935. Adalci ya sa in faɗi cewa an raba gasar kofin shiyya biyu, gabas da yamma, kuma hanyar yamma ta fi sauƙi. Akwai ma shekarar da aka sha kashi mai zafi, 1926, da Bethlehem Steel ta lallasa Ben Millers 7 da 2. Duk da haka yamma ba fanko ba ce, akwai Chicago da Detroit da Cleveland, kowanne cike da ma'aikata 'yan Turai masu ƙungiyoyinsu. Gari mai ƙungiyoyi huɗu ya riƙa tsallake su shekara bayan shekara. A 1925, lokacin da manyan ƙungiyoyi suka ƙaurace wa kofin ƙasa saboda rigimar kuɗin ƙofa da hukumar ƙwallon Amurka, Boston, wadda ta lashe kofin ƙungiyoyin gabas, da zakaran St. Louis aka haɗa don fitar da gwanin ƙwararru na ƙasa. Boston ce ta yi nasara, amma abin lura shi ne su kansu 'yan gabas St. Louis suka ɗauka tsararsu. Shaidar abokin hamayya na zamanin ta fi hukuncin wanda ya zo bayan shekara ɗari.

Saura mutuwar gasar. Ta rushe a ƙarshen shekarun 1930, bayan karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929 ta tsotse aljihun 'yan kallo da na kamfanonin da ke ɗaukar nauyi. Ta ma fi ta gabas tsawon rai, domin American Soccer League ta farko a 1933 ta durƙushe. A ganina akwai wani dalilin na cikin gida. Da ƙungiyoyin gabas suka fara wargajewa, Stix ta kwaso taurarin New Bedford Whalers, su McNab da Billy Gonsalves da Werner Nilsen. Kofi uku a jere suka biyo baya, amma a gasa mai ƙungiyoyi huɗu, idan ɗaya ta fi sauran nesa ba kusa ba, me zai fitar da mutum cikin sanyi ranar Lahadi alhali ya san sakamako tun daga gida? Gasar ta yi ƙarfi ne lokacin da take ta 'yan gari, ta kuma fara rauni a daidai lokacin da ta koma abin da Malam yake zarginta da shi.

Cewa ba ta bar magaji ba kuwa, wannan ba ya tsayuwa ko kaɗan. Ranar 29 ga Yunin 1950 a Belo Horizonte, Amurka ta doke Ingila da ci ɗaya mai ban haushi. Joe Gaetjens ɗan Haiti ne ya ci ƙwallon, amma biyar daga cikin goma sha ɗayan da suka buga 'yan St. Louis ne: Frank Borghi a raga, da Harry Keough da Charlie Colombo da Gino Pariani da Frank Wallace. Borghi direban motar ɗaukar gawa ne, Keough kuma ma'aikacin gidan waya. An haife su tsakanin 1920 da 1928, wato suna yara lokacin da Stix ke shigowa gari da kofi. Ɗan jaridar Amurka ɗaya tilo da ya halarci wasan, Dent McSkimming, na jaridar St. Louis Post-Dispatch ne, kuma da kuɗin aljihunsa ya yi tafiyar. Ƙungiyar Simpkins ta garin ta ɗauki kofin ƙasa a 1948 da 1950, Kutis, ita ma ta garin, ta ɗauka a 1957. Jami'ar Saint Louis ta lashe gasar jami'o'in Amurka sau goma tsakanin 1959 da 1973, biyar na ƙarshen a hannun Keough ɗin nan da ya zama kocinta, kuma yawancin 'yan wasan daga makarantun Katolika na garin aka ɗebo su. Idan Malam ya dage cewa babu abin da ya haɗa waɗannan da gasar 1907, to nauyi ya koma kansa: ya nuna mana wani birnin na tsakiyar Amurka da bai taɓa samun irin wannan gasa ba, wanda kuma ya fitar da kusan rabin waɗanda suka buga wa ƙasa wasan nan na 1950.