Alhaji Ibrahim Galadima da Kafuwar Kano Pillars

Matasan da ke buga tamaula a fegi bayan an kwashe amfanin gona a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai, sun san taken "Sai Masu Gida", amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa ɗaya daga cikin tushen ƙungiyar da suke ƙauna ya fito ne daga WRECA, wato hukumar jihar Kano mai kula da albarkatun ruwa da gina madatsu. A shekarar 1990 aka narkar da ƙungiyar ƙwallon wannan hukuma da Golden Stars da ta Bankin Arewa suka zama Kano Pillars, kuma Alhaji Ibrahim Galadima, ɗan unguwar Fagge, shi ne ya jagoranci aikin.

Kano ba baƙuwar nasara ba ce kafin nan, domin ta ci kofin ƙalubale a 1953, Raccah Rovers kuma ta lashe gasar lig ta ƙasa a 1978. Sai dai ƙungiyar da ta rataya a wuyan kamfani ko attajiri guda tana durƙushewa ne ranar da mai ita ya gaji, kuma wannan raunin Galadima ya hango, ya nemi ƙungiya ɗaya wadda ɗan birni da manomin karkara za su kira tasu. An jima kafin itacen ya yi 'ya'ya, amma Pillars ta ɗauki kofin lig a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta kuma fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 a hanyarta ta kaiwa wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Afirka.

Shugabancinsa na hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFA, daga 2002 zuwa 2006, ya fi jawo ce-ce-ku-ce. A watan Yunin 2005 Najeriya ta yi kunnen doki, ci ɗaya da ɗaya, da Angola a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, abin da ya kai ga rasa gurbin gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus. Da ya bayyana cewa zuwa gasar ba gādon Najeriya ba ne, sai aka yi masa ca, alhali gaskiya ya faɗa wa ƙasar da ta saba ɗora laifi a kan zafin rana maimakon ƙarancin shiri. Masu sukarsa ba su cika ambaton cewa a zamaninsa ne Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004 ba, kuma a 2005 ɗin 'yan wasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara ashirin suka kai wasan ƙarshe na duniya a ƙasar Holan.